Sallama Uku a Ƙofar Jardan

Ranar da Alhaji Sanda ya tsaya a ƙofar jardan, wato lambun nan namu, ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, kun tarar da lambu cike da jama'a, kuna zaton haka aka same shi. Ina.

Shekaru kaɗan ne bayan samun 'yanci, ƙasar ma Dahomey ake ce mata. Ni ne gardin lambun shaƙatawa na kusa da gar, wato tashar jirgin ƙasa ta Parakou. A tsarin ofishin magajin gari akwai shef, wato shugabanmu, sai gardi mai tsaron wurin, sai leburori biyu masu ban-ruwa. Bature ne ya koya mini aikin, ya bar mini usur da doka ɗaya: kada kowa ya taka ciyawa. Na riƙe ta kamar karatun salla.

Da Turawa suka tafi, aka cire allon da ke hana mu shiga, aka wangale ƙofa. Amma ba mai shiga. Daga ni sai furanni.

Wata Talata shef ɗinmu, Mushe Bio (mushe shi ne malam a Faransanci), ya kira ni ofis.

"Malam Idi, masu kamiyo, manyan motocin kaya, sun rubuto suna son filin ya zama tasharsu. Ranar Litinin zan zo in gani da idona. In na tarar da kai kaɗai, zan sa hannu."

Aikina zai tafi, kuma za a sare mangwarorin da na yi ta ɗauko wa ruwa a ka tun suna tsawon gwiwa. Abin ya yi mini zafi ƙwarai.

Washegari da azahar ina can ƙarshen lambu ina datse shinge, sai na ji sallama daga bakin ƙofa. Ban kula ba, na ɗauka masu wucewa ne ke gaisawa. Aka sake, aka kuma sakewa. Da na ɗago, sai ga dattijo da buzu a kafaɗa ya juya zai tafi. Na bi shi da gudu.

Alhaji Sanda ke nan, bafataken shanu daga Djougou, yana jiran jirgin da zai kai dabbobinsa Cotonou.

Na ce, "Baba, ai ƙofar a buɗe take. Lambun na kowa ne yanzu."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗana, ƙofar gidana ma a buɗe take. Za ka faɗa ciki ba a amsa maka ba? Wurin da ke da katanga da ƙofa yana da mai shi. Na yi sallama uku, shiru, sai in tafi."

Kunya ta rufe ni. Sau nawa na ji irin wannan sallama ina bayan shinge? Ashe mutane suna zuwa, ni ne ba na amsawa.

Na amsa masa a nan bakin titi, muka shiga. Ya kalli bencunan ƙarfen da Bature ya jera a tsakiyar rana don kallon furanni, ya ce, "Wane laifi mutum zai yi a zaunar da shi nan?" Ya wuce gindin mangwaro, ya shimfiɗa buzunsa a kan ciyawata. Wallahi hannuna har ya kai ga usur. Na dai cije, na mayar da shi aljihu.

Ranar muka ja bencunan zuwa inuwa, ni da leburori. Na sa randa da buta biyu, na kafa kujerata a bakin ƙofa. Wanda ya yi sallama da Hausa in amsa, mai Dendi in amsa, mai Baatonum in kwaɓa iyakar iyawata, su yi mini dariya su shigo. Alhaji ya kawo abokan fataucinsa. Matan unguwar Albarika masu jiran jirgi suka zo da tabarmi. Wani malami daga unguwar Ladjifarani ya ga inuwa ta yi masa, ya zauna yana duba littattafansa.

Litinin ta zo. Ciyawar ta kwanta, wani wurin ma ta fara ja. Na ce a raina yau ko masu kamiyo ba su kore ni ba, ciyawa za ta kore ni.

Mushe Bio ya sauko daga mota da takardar masu kamiyo a hannu. Lambun nasa ne, a ƙarƙashinsa yake, amma da ya iso ƙofa ya ga dattawa zaune, sai ya ja ya tsaya. Ya cire hula, ya yi sallama.

Alhaji Sanda, da jirginsa bai samu ba sai ranar, ya riga ni amsawa. "Maraba. Shigo, akwai wuri."

Shef ya zauna a gefen buzu, ya sha ruwan randa. Da zai tafi na fara ba shi haƙuri kan ciyawa, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Ciyawa tana sake fitowa, Malam Idi."

Abin da na koya ke nan: buɗe ƙofa bai isa ba a wajen mutanenmu, sai an sami mai amsa musu. Shi ya sa har yau kujerar gardi take bakin ƙofa. Wanda ya matsar da ita cikinku, zai gamu da ni.