Amsar da Na Ba Uwar Taro a Asibiti

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, bakwai ga watan jiya, da hantsi, ƙanwarki ta kira ni ina ofis ta ce Allah ya yi miki rasuwa. Na ajiye wayar, na zauna ina kallon kujerarki har aka tashi aiki.

Mu 'yan kwamitin tsara manufar raya al'adun yankinmu, Uwar Taro muke ce miki. Shekara biyu kina shugabantarmu, ni ina sakatare. A zamanmu na farko na kawo jerin waɗanda za a gayyata: jami'a, gidan tarihi, gidajen rediyo, da kamfanonin da za su tallafa. Kika sauke tabarau kika ce, "Sakatare, masu hatimi kaɗai ka tara. Ina masu yin aikin?" Na ce masaƙa ba su da ƙungiya mai rajista. Kika ce ai mu muna da ƙafa.

Haka kika ja ni zuwa tsohuwar rumfarsu da ke bayan tasha, ina gunaguni ina kakkaɓe takalmi. Kika zauna a benci kina rubuta abin da suke faɗi, kina gamawa ki karanta musu ki tambaya, "Haka kuka ce, ko na ƙara gishiri?" Buƙatarsu ɗaya ce, kada a tashe su daga wurin. Ita ta zama sashe na tara a daftarinmu.

Da ciwo ya kwantar da ke, kamfanin da ya fi ba mu tallafi ya ce a wurin rumfar masaƙan yake so a gina zauren baje koli, in ba haka ba zai janye. Na cire sashen da hannuna. Na ce wa kaina aikin shekara biyu nake ceto, amma tsoro ne kawai.

Ranar da na je duba ki, muryarki da ƙyar take fita. Kika ce, "Sakatare, na tara yana nan?" Na ce, "Yana nan, ranki ya daɗe." Kika lumshe ido kika yi hamdala.

Da na je gaisuwa gidanki, dattijon masaƙan ya kama hannuna biyu ya ce, "Ɗana, ta aiko mana mu kwantar da hankali, wai kai ka tsaya mana. Allah ya yi maka albarka."

Bayan na dawo, na mayar da sashen cikin daftarin. Alhamis mai zuwa za a sa hannu, kuma daraktan ofishinmu ya gaya mini ƙiri-ƙiri cewa in kamfanin ya janye, in nemi wani aikin. Ina da iyali, amma ba zan sake taɓa sashen ba.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki, da ƙanwarki da ta yi jinyarki, da masaƙan da suka rasa uwa. Allah ya ba mu haƙurin rashi. Ni kuwa, Uwar Taro, maganata ta ƙarshe da ke ƙarya ce. Allah ya yafe mini, ya ba ni ikon mayar da ita gaskiya.