Shuɗin da Inna ta goge

Babana ya yi shekara arba'in yana ɗaukar hoto a unguwar Treichville ta Abidjan, a wani ɗan shago kusa da babban masallaci, amma bai taɓa zaunar da mahaifiyata ya ɗauke ta ita kaɗai ba. Amare, maniyyata masu neman fasfo, 'yan kasuwa masu son aika hoto gida Nijar a ga sun yi ƙiba, duk sun zauna a kujerarsa. Inna kuwa kullum sai gobe. In ta yi magana ya ce ai ita tana gida, ba inda za ta. Har Allah ya karɓi abinsa goben nan ba ta zo ba.

Bayan rasuwarsa Inna ta ce in ta fita takaba za ta koma Damagaram wajen ƙannenta. Na ƙudurta a raina cewa kafin ta hau mota sai na ɗaukar mata hoton nan, kuma da gilashin kyamarar Baba, ba da waya ba. Hoto ba sana'ata ba ce, aikin ofis nake yi, amma ina da kyamarar zamani, na kuma sayi wani zoben ƙarfe da ake ɗaura tsohon gilashi da shi.

Gilashin nan, wanda Baba ke kira objektif, ya girme ni. In ka karkata shi wajen haske sai ka ga wani launi a fuskarsa, shuɗi mai ɗan ja, kamar wuyan tattabara. Baba ya ce wani siririn shafi ne masu ƙera shi suka yi masa, don haske ya shige kai tsaye, kada ya yi ta yawo a ciki yana dusashe hoto. Ya ce tsohon shafi irin wannan laushi gare shi, ba irin na yanzu ba. Ban taɓa ganin ya sa masa tsumma ba. Sai dai ya hure shi da wata 'yar robar iska, ya bi shi da buroshi mai laushi sau ɗaya, ya rufe. Duk gidanmu an san dokar: ba mai taɓa idon kyamara.

To, ni da wautata, da muka rufe shagon, da hannuna na kinkimo akwatin kayan aikinsa na kai ɗakin da Inna ke takaba, wai nan ya fi tsaro. Na manta wace ce Inna. Mace ce da ba ta iya zama hannunta ba aiki. Farantanta na tasa har fuskarka kake gani a ciki. Wata huɗu da kwana goma tana zaune da kayan mijinta: ta wanke hulunansa, ta sake wa carbinsa zare, ta goge butarsa har ta koma kamar sabuwa. Ni kuma ina ta jin daɗi, ina cewa ta samu abin rage kewa.

Ranar da na buɗe akwatin, na cire murfin gilashin, sai gabana ya faɗi. Shuɗin babu. Tsakiyar ta yi fari fat, sai ɗan ragowar launi a gefe-gefe. Da na ɗaga shi saitin taga, sai ga ƙananan zane birjik, zagaye bisa zagaye.

"Inna, wa ya taɓa wannan?"

Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai, ka gani ko? Shekara arba'in ina kallon dauɗar nan, bai taɓa bari na kai hannu ba. Na fara da bakin zane, ta ƙi fita. Na aika farmasi aka sawo alkol ɗin wanke ciwo, ta ɗan rage. Sai da na sa man goge haƙori, irin yadda nake wa zobena na azurfa, kullum kaɗan-kaɗan bayan walaha. Ta ba ni wuya, amma ta fita."

Tana faɗa tana murmushi, murmushinta na farko tun ranar jana'iza. Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Da ƙanwata ce ta yi wannan aiki, da ranar sai maƙwabta sun shigo rabo. Amma uwa ce, da farin mayafi, tana jiran a yaba mata. Na haɗiye abin da ke bakina na ce, "Sannu da aiki, Inna." Na fita tsakar gida na shuri bokitin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Washegari na nufi kasuwar Adjamé. Gbakar da na shiga, wato ƙaramar bas ɗin nan da ake cusa mutum kamar buhun gawayi, ta yi awa guda a cunkoso, ni kuma na rungume gilashin a ƙirji. A kasuwa masu gyaran waya suka yi ta juya shi. Wani har ya ɗauko tsumma yana cewa bari ya ɗan goge ya gani. Na fizge abina. Wai duk garin nan ba wanda zai ga gilashi hannunsa bai yi ƙaiƙayi ba? A ƙarshe aka kwatanta min wani dattijo a unguwar Saint-Michel, mutumin Maraɗi, wanda tun zamanin fim yake gyaran kyamara.

Ya karɓa da hannu biyu, ya kunna 'yar fitila ya haska ta baya.

"Yako, ɗana," in ji shi, irin jajen da ake yi a Abidjan. "Wa ya yi maka wannan?"

"A gida ne, Baba."

"Se gate, ya lalace. Shafin ya tahi, kuma an ci gilashin kansa. Man haƙori ne ko? Na sani. Ƙura ba ta kashe objektif, masu tsabta ke kashe shi."

Na tambaye shi ko za a iya mayar da shafin. Ya ce ba a nan ba, ko a Turai ma sai an kankare fuskar gilashin, in an kankare kuwa ya tashi daga na babana. Abin da ya rage dabara ce. Ya ba ni wata hular baƙin ƙarfe da ake sa wa bakin gilashi, ya ce in tabbata haske yana bayana, kada in kuskura ya shigo ta gaba. In na kiyaye, hoto zai fito, ko da bai kai na da ba.

Ranar ɗauka ita ce jajibirin tafiyarta. Ta ci ado da leshin da Baba ya sawo mata daga Makka. Na ajiye kujera a inuwar bango, inda dattijon zai yarda. Inna ta dube ta ta ce a'a. Ta ja tabarma zuwa bakin taga, wurin da Baba ke zama yana lazimi da hantsi.

"Inna, rana tana bayanki. Hoton ba zai yi kyau ba."

"Nan yake zama."

"Don Allah ki matso ko taku biyu."

"Kai, in za ka ɗauka ka ɗauka. Ni nan zan zauna."

Na roƙa, na yi bayani, har na koma Faransanci don haushi, wanda ta ce ba da ita nake ba. Yaya zan gaya mata dalili ban gaya mata abin da ta yi ba? Na tare hasken da tafin hannu, na durƙusa, na miƙe, na ɗauka ya fi sau talatin. Duk iri ɗaya suka fito. Hasken taga ya bi zanen da ke fuskar gilashin ya watsu, ya lulluɓe ta kamar hayaƙin murhu. Ana gane ita ce, ana ganin zaman da mayafin, amma idanunta da tsagar da ke kumatunta sun narke cikin fari. Da yamma na ce mu sake a inuwa, ta ce ta riga ta ninke leshin a akwati, kuma hoto ɗaya ya ishi tsohuwa.

Na wanko mafi dama-dama na kai mata tasha da safe. Ta riƙe shi nesa da fuska, ta matso da shi, ta sa bakin mayafi ta shafa, ko hazon zai fita.

Shekara biyu ta yi a Damagaram ta rasu. Akwai hotunanta a wayoyin jikoki, masu kyau, tar da su. Amma wanda idon kyamarar mijinta ya gan ta ita kaɗai guda ɗaya ne, shi ne rataye a falona, kuma har yau in na dube shi sai na ji haushin nan ya taso, ban san wanda zan ba laifi ba. Abin da ta ce min a tashar kuwa, tana miƙo min hoton ta tagar mota, bai bar kunnena ba.

"Ka yi ƙoƙari, amma hannunka bai kai na babanka ba. Ko dai ba ka goge gilashin ba ne kafin ka ɗauka?"