Batirin da ke Ƙirjin Malam

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam, manomin auduga a bayan Malumfashi. Allah ya jiƙan shi. Sai da na yi furfura na koyi rubutu, in kun gan shi a karkace ku yi haƙuri, maganar dai a miƙe take.

Zuciyar Malam ce ta riƙa nawa, yana cikin noma sai ya yanke jiki ya faɗi. A Zariya likitoci suka sa mashi wata 'yar na'ura ƙarƙashin fatar ƙirji, tana zungurar zuciyar in ta yi sanyi. Na ce, me ke cikinta? Likita ya ce batiri ne, a cikinsa akwai wani gishiri, wai shi litiyam ayodaid. Ba ruwa ba ne balle ya zube. Yana jan laima kamar gishirin miya da damina, shi ya sa ake rufe shi ruf. Kuma a hankali yake ƙarewa, shekara da shekaru, har ya ba mutum sararin dawowa a canza.

Malam ya koma gona garau. Sai ƙaninsa, Alhaji Ɗayyabu, ya samu abin yi a majalisa. "Yaya, a kawo caja ne?" Yara suka ɗauka, har a kasuwar Bakori ana ce mashi Mai Batiri. Wasu suka ce ja da ikon Allah ne. Da lokacin canji ya zo, Malam ya ce ya gaji da zama abin dariya, ba ya zuwa. Na yi magiya har na gaji. Bai je ba, har Allah ya karɓi ransa. Na san ajali ba ya tambayar batiri, amma baki ma yana yanka wuya.

Da Malam zai ɗago yau, da ya ga masu tawakkalin nan suna layi a shagon caji, waya ta mutu kamar an yi musu rasuwa.

Yanzu ga Ɗayyabu kwance a Funtuwa, zuciya na nawa, likita ya ce sai na'urar. Wai kunya yake ji. Ashe wanzami ba ya son jarfa.

Abin da ya rage na Malam shi ne halinsa, bai taɓa rama magana ba. Ni ban gaje shi ba. Ɗayyabu, tashi ka tafi Zariya a sa maka. Ka dawo da ranka, ina nan zaune a ƙofar gida, akwai sunan da zan kira ka da shi.