Ranar da Aka Tura Shugabarmu Cikin Gida

Ku sababbin ma'aikata, akwai wata Talata da har yau ba ta fita a raina ba. A lokacin wata huɗu ke nan da na kama aiki a ofishinmu na malaman gona a Daura. Hajiya Rabi ce shugabar sashe, mace ta farko da ta hau kujerar.

Wani ƙauye muka je ni da ita bayan garin Babban Mutum neman gonar gwaji, wato filin da gari ke ba mu, mu shuka sabon iri kowa ya gani da idonsa. Bara an ba su irin gyaɗa, bana sun ce ba sa so. Ga damina ta ƙarato. In ba mu samu fili ranar ba, shekarar ta wuce mu.

Ni na ci babbar riga, ga fayil a hannu. Muna sauka, mai gari ya ja ni har kan darduma a zaure, ya waiga ya ce, "Hajiya, bismillah, a shiga wajen iyali."

Zan gyara masa, ta harare ni. "Yallaɓai, a yi taro lafiya," ta ce, ta shige abinta.

Wallahi na sha zufa. Na yi ta tambayar dattawa: me ya samu irin? Lafiya lau. To filin fa? Sai an duba. Awa guda muna kan haka.

Sai ga ta a bakin zaure tana tauna ƙuli-ƙuli. Ta gaida dattawa, ta ce, "Ranka ya daɗe, ashe gyaɗarmu ba ta da mai. Matanku sun soya, sun matsa har hannu ya yi kanta, kwalba ta ƙi cika. Su suka hana."

Wani tsoho ya fashe da dariya. "Shi ke nan, sun tona mu!"

Ta ce muna da wani iri mai yawan mai. A shuka biyun gefe da gefe, da kaka mata su matsa su zaɓa.

Mai gari ya dube ni. "Yallaɓai ya amince?"

"Ranka ya daɗe, ita ce shugabata. Ni fayil nake riƙe mata."

Ya yi salati, ya ce a kawo kujera maza. Kafin azahar mun auna fili.

Har yau Yallaɓai take kira na. Abin da na koya kuwa, shekara da shekaru ofishinmu na tsayawa a zaure, alhali masu yanke hukuncin gyaɗa suna cikin gida. Sai da aka ba mace shugabanci muka san hanyar.