Furannin da Enid Garbutt ta Aro a Maƙabarta

Ranar Litinin, 11 ga Oktoba, 1993, da ƙarfe goma da kwata na safe, Mista Leonard Thwaite ya fara sanin Enid Garbutt. Shi ne sakataren kwamitin da ke kula da ƙananan gidajen tsofaffi guda shida na ƙauyen Sallowby, takardar gargaɗi ce kuma ta kai shi. Doka ta tara ta ce kowa ya kula da lambun ƙofar gidansa. Na Enid kuwa ciyawa ta kai ƙugu. In ranar dubawa ta zo a watan Yuni bai gyaru ba, za a mai da ita wani ɗaki a hawa na uku can cikin gari.

Shekarunta saba'in da huɗu. Talatin daga ciki a tsaye ta yi su a kicin ɗin makarantar firamare, tana dafa dankali da kabeji, har gwiwoyinta suka daina lanƙwasuwa. Mijinta Wilf ne mai lambun, shi kuma ya shekara biyu da rasuwa.

Ta karanta takardar, ta ajiye ta a tebur, ta danne ta da butar shayi.

"Ɗan nan, ko a coci na daina durƙusa wa Ubangiji, ya kuma yi haƙuri. Sai fure ne zan durƙusa wa?"

Washegari Thwaite ya aro mata littafin furanni masu sauƙin reno. Ta buɗe shafi uku ta rufe.

"Wannan a ba shi ruwa, wancan a lulluɓe shi da sanyi, wancan a yi masa aski. Ko Wilf ban yi wa wannan hidimar ba. Ranar Asabar ka zo min da baro da shebur."

Ya ɗauka taki za su ɗebo. Sai ga su a maƙabartar bayan coci, ita a gaba da sandarta.

"Kabarin da ake ziyarta, wuce shi," ta ce. "Nemo min wanda aka shekara ashirin ba a leƙa ba. Abin da ya rayu a kansa, ba mai ban ruwa, ba mai shema, shi ne nawa."

"Iya, wannan fa sata ce."

"Rabi za mu tsaga. Tambayi mai shi, in ya ce a'a sai mu bar masa."

Thwaite mutum ne da ko biron ofis bai taɓa zuwa gida da shi ba. Amma ya tuna da matakalan hawa na uku, ya dubi gwiwoyinta, ya kafa shebur. A Asabar uku suka haƙo tushe goma sha huɗu daga kabari tara. Shi ya nome ciyawar lambun, shi ya dasa, ita tana kan kujera tana nuni da sanda.

Labanda, furen nan mai ƙamshi, kaɗai ta sani da suna. Sauran da sunan masu kabarin take kiransu. Da dusar ƙanƙara ta narke, biyu suka mutu, sha biyu suka tsiro. Duk wanda ya wuce sai ta ba shi labari ta kan shinge.

"Dubi Hobbs mahauci, ya miƙe ƙafa har cikin gadon Misis Pargeter. Da ransa ma haka yake."

Ranar Juma'a, 24 ga Yuni, kwamiti ya iso: mutum biyar, har da fasto. A gaba akwai shugaba, Mista Rupert Ascough, wanda tun bara yake yi wa tsohon direbansa kwaɗayin gidan. Ya zagaya sau biyu yana neman ciyawa, furanni sun rufe ƙasa ba wurin da za ta fito. Ya tsaya gaban wani farin fure da ya cika gefen ƙofa.

"Wannan kuma mene ne sunansa?"



"Mahaifiyarka ce, ranka ya daɗe," in ji Enid. "Ban taɓa ganin mai haƙurin zama babu kulawa irinta ba."

Ascough ya kumbura. "Kina nufin daga kabarin..."

"Nan ne, kusa da katangar arewa, ko ka manta wurin? Ba laifinka ba ne. Sai da bawan Allahn nan ya yi awa biyu yana saran ƙaya kafin mu ga sunanta."

Fasto ya shiga tari. Sauran ukun suka ƙura wa takalmansu ido. Ascough ya buɗe baki, ya lura cewa duk ƙarar da zai kai, da labarin ƙayar za ta fara, a gaban duk Sallowby. Ya karɓi takarda a hannun Thwaite ya sa hannu. Abin da aka rubuta a littafin kwamiti layi ɗaya ne: gida na huɗu, lambu ya gamsar.

Enid Garbutt ta ci gaba da zama a gida na huɗu har rasuwarta ranar 9 ga Fabrairu, 2005, tana da shekara tamanin da biyar. Wanda ya shiga gidan bayanta ya zuba siminti a lambun don ajiye mota.