Ranar da Illo Ya Je Jin Sunansa a Lasifika

Illo mai sayar da taki da irin shuka a bakin kasuwar Madarunfa ba abin da yake so a duniya kamar ya ji an ambaci sunansa da ƙarfi. Tun yana saurayi haka yake. Bikin da ba a gayyace shi ba ma zuwa yake, ya tsaya inda maroƙi zai hango shi. Ya taɓa ba masallaci tabarma guda, bai bar liman ya huta ba sai da aka sanar. Babbar riga kullum a goge, cikinta kuwa ba kowa.

Ɗansa Al'amin yana kwaleji, yaro mai kai, abin da aka faɗa sau ɗaya ya zauna. Amma karatun ya fita ransa. Ya shiga aji ya yi zugum, da an ɗan saki ido ya sulale bakin tafki wurin masunta. Malamai sun yi aike har sun gaji, lakwal ɗin kuwa, wato makarantar, Illo bai taka ƙofarta ba. Ko ajin da yaron yake bai sani ba.

Sai shekarar da ɗan maƙwabcinsa Ɗanlami ya ci birbe, jarrabawar fita kwaleji. Ranar sakamako gari ya taru a filin makaranta, ana kiran waɗanda suka ci a lasifika, sunan yaro haɗe da na ubansa. Illo na tsaye ya ji an kwarara, "Musa Ɗanlami!" Mata suka rangaɗa guɗa. Ɗanlami fa, mai amalanken jaki! Hassada ta hana Illo cin tuwo ranar.

Daga nan ya zama uban 'yan boko.

"Kai, malalacin banza!" in ji shi ga Al'amin. "Baɗi in ba a kira sunana ba, ka nemi wani gida!"

Ya ƙwace wayar yaron, ya hana shi ƙwallo, ya ɗura masa rubutu kwano-kwano. Yakan zaunar da shi a ƙofar gida da littafi don masu wucewa su gani. Bai taɓa tambayarsa abin da ke damunsa ba. Al'amin ya riƙe littafi, idonsa na kan kaji.

Uwarsa Hajara ce ta kira shi wata rana tana tankaɗe.

"Ka gaji da gidan ga, ko?"

Ya sunkuyar da kai.

"To ji nan. In ka ci, kawunka Abdu ya ce ka taho Maraɗi ka yi lise, makarantar gaba da kwaleji, wurinshi. In ka hwaɗi, kana nan kai da babanka, kuna saida taki har Mahadi ya bayyana."

Yaron bai sake leƙa tafki ba, ya duƙufa. Illo kuwa ya bi rumfa-rumfa yana ba iyaye shawara kan tarbiyya, wai horonsa ne ya yi aiki.

Da sakamako ya fito, ya ɗinka sabuwar shadda, ya ɗauko maroƙi da mai kalangu, ya ture mutane ya tsaya gaba. Aka fara kira.

"Al'amin Abdu!"

Hajara ta saki guɗa. Illo ya ci gaba da baza kunne, yana jiran nasa, sai da ya hango ɗansa a wuyan abokai suna tsalle da shi.

Ya tare Hajara. "Wane Abdu? Ba ni na haihe shi ba?"

"Kai ka haihe shi, Malam," ta ce, ko muryarta ba ta rage ba. "Amma ranar da anka ce a kai shi lakwal, cewa ka yi kana da biki a Safo. Yayana ya kai shi, sunanshi anka sa. Haka ake kiranshi tun yana ajin hwari, kaf garin ga an sani."

Illo ya waiwaya neman maroƙinsa. Tuni mutumin ya kutsa cikin taro da mai kalangu a bayansa, yana tambayar wane ne Abdu.