Mama Naomi, Mai Kife Tukunya Saboda Gada

Bana, idan ruwan farko ya sauka, ina tsoron za a shiga daji da bindiga ta wajen Rido, abin da aka daɗe ba a yi ba da damina. Mama Naomi za ta rufe rumfarta ƙarshen wata, ni kuma ɗana Nathan maharbi ne.

Duk mai bin hanyar Sabon Tasha zuwa Rido ya san rumfar. Da sassafe za ka tarar ta hura wuta, ta zauna a kan turmi saboda ciwon gwiwa, maharba sun jera abin da suka samo a kan buhu. Gada, zomo, wani lokaci barewa. Ba ta karɓar dabba sai ta juya ta, ta taɓa ciki, ta duba hantsa. Sannan ta ɗora farfesun da direbobin tanka da makanikai suke yi wa layi.

Wannan aikin rani ne. Da zarar ƙasa ta jiƙa, lokacin da gada ke da ciki ko goyo, sai ta wanke babbar tukunyarta ta kife a bakin ƙofa, sai an girbe dawa take tayar da ita. Wanda ya kawo mata naman daji a tsakani, ko rani ya dawo ba ta sayen nasa. Matan da suka koyi girki a hannunta ma haka suke yi. Ana cewa akwai doka a takarda da ta hana farauta lokacin haihuwar dabbobi. Ni karatuna bai kai can ba. Tukunyar Mama muka gani, ita muka bi.

Kuma ba a banza take yi ba, don da damina rabin bencinta ƙura yake sha. Na taɓa jin Anayo makanike yana tsokanar ta.

"Mama, yau ma akuya? Akuya har a gidana akwai."

"Gada tana jego, Anayo. Da matarka Uzoamaka ta haihu, washegari ka tura ta kasuwa?"

"Ni? In tura ta? Ai sai dai ki zo jana'izata."

"To zauna ka ci akuya."

Ya zauna ya ci, har da ƙari.

Abin da ba zan manta ba ya faru ne shekarar da Nathan ya fara riƙe bindiga, bayan masaƙar da nake aiki a Kakuri ta rufe. Gida babu komai, ya shiga daji da damina ya dawo da gada. Ni na raka shi rumfar, ina zaton furfurata za ta sa a ɗaga mana ƙafa. Mama ta durƙusa da ƙyar, ta kama hannunsa, ta matse hantsar. Nono ya zubo a tafinsa, da ɗuminsa.

"Ɗana, mai wannan yana can yana jira," ta ce. "Koma ka ɗauko shi."

Nathan ya koma, ya dawo da ɗan gada naɗe a rigarsa, ƙafafu kamar tsinken tsintsiya. Mama ta riƙe akuyarta da kanta har ya kama nono. Mu kuma ta zuba mana tuwo a kula mu kai gida, naman dai ba ta saya ba.

Tun daga ranar Nathan yake rataye bindiga da damina ya kama noma. Da daji ya lalace, ciyawa ta zama maɓoyar masu satar mutane, sai na gane abin da matar nan ta yi mini. Watannin da daji ya fi haɗari, ɗana yana gona kusa da gida.

Ke ce, Mama, da ba ki da kaki ba ki da sanda, kika sa maza masu bindiga suka yi haƙuri. Uwar gada da 'ya'yanta. Ke kika tsare na daji, kika tsare mini nawa. Na gode, Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya kai ki Jos wajen 'yarki lafiya.

Ku masu girki, ku riƙe abin da ta koya muku. Mu masu ci, idan aka miƙo mana gada da damina, mu ce a kawo akuya.

Yanzu wani mai mota ya fara zuwa bakin hanya da akwatin ƙanƙara, yana saya wa otal-otal, ba ya tambayar wane wata ake ciki, ba ya duba hantsa. Ya karɓi lambar Nathan. Matar Nathan kuwa tana da tsohon ciki, ga tsadar taki. Jiya na tambaye shi ko zai shiga daji bana, ya ce, "Baba, bari ruwa ya sauka tukuna." Ban san abin da zai yi ba, kuma ina jin shi ma bai sani ba.